Kun Tambaya, Malamai Sun Amsa: Karatun Tsaro da Siyasar Duniya

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk daga ɗaliban hulɗar ƙasa da ƙasa da harkokin tsaro suka zo, don haka muka miƙa su ga malaman fannin. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina aji uku a jami'a. An ba mu jinga mu yi sharhi a kan wani ƙuduri na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Na tattara rahotannin jaridu har goma sha biyu na rubuta, sai aka dawo mini da takardata an rubuta da jan biro wai ban karanta ƙudurin ba. To me ya rage ban karanta ba? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, malaminki bai zalunce ki ba. Kin karanta abin da aka faɗa a kan ƙudurin, shi kansa ƙudurin kuwa ba ki buɗe ba, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kowane ƙuduri yana da lamba, yana nan kyauta a rumbun takardun Majalisar na intanet, cikin harsuna shida: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Mu ɗauki S/RES/1973 (2011), wanda aka zartar kan Libiya ranar 17 ga Maris, 2011. Ki buga shi a takarda, ki riƙe biro.

Da farko raba shi gida biyu. Sakin layin da ke sama, marasa lamba, shimfiɗa ce kawai. A nan Kwamitin yake tuna baya, ya nuna damuwa, ya yi Allah wadai. Waɗanda aka sa wa lamba 1, 2, 3 har ƙasa, su ne naman. A tsakanin kason biyu ki duba ko akwai ɗan layin da ke cewa Kwamitin yana aiki ne ƙarƙashin Babi na 7 na Kundin Majalisar, wato yarjejeniyar da ta kafa ta. Babi na 6 na lalama ne: tattaunawa, shiga tsakani, zuwa kotu. Babi na 7 shi ke riƙe da bulala, domin Sashe na 41 yana maganar takunkumi, na 42 kuma ƙarfin soja.

Daga nan ki ja layi ƙarƙashin aikatau ɗin da ya buɗe kowane sakin layi mai lamba. Inda aka ce Kwamitin "ya yanke", wajibi ne ya hau kan ƙasashe, saboda a Sashe na 25 sun ɗauki alkawarin bin abin da ya yanke. Inda aka ce "yana kira ga" ko "yana ƙarfafa gwiwar", nauyin ya ragu sosai. Inda aka ce "ya ba da izini", ƙofa aka buɗe, ba a tilasta wa kowa shiga ba. Sai dai kar ki riƙe cewa duk ƙudurin da bai ambaci Babi na 7 ba shawara ce kawai. Kotun Duniya, a fatawar da ta bayar kan Namibiya a 1971, ta ce sai an dubi lafazin ƙudurin da muhawarar da ta haife shi kafin a san ko yana ɗaure ƙasashe.

Akwai kuma kalmomin da ma'anarsu ta wuce yadda suke a ido. Idan kika ga "duk matakan da suka wajaba", to yaƙi ake nufi cikin harshen jakadu. Da irin wannan lafazi ƙuduri na 678 na Nuwamban 1990 ya ba Iraƙi wa'adi zuwa 15 ga Janairu, 1991 ta fice daga Kuwait. Ƙuduri na 1441 na 2002, shi ma kan Iraƙi, bai ɗauki lafazin ba, ya tsaya a gargaɗin "mummunan sakamako", kuma a kan wannan giɓin aka yi ta jayayyar halaccin mamayar Iraƙi ta 2003. A na Libiya an sa lafazin, amma an ɗaure shi da igiya biyu: don kare fararen hula ne, kuma ban da rundunar mamaya ta ƙetare kowace iri. Ko kifar da gwamnatin Gaddafi ya shiga cikin wannan izini ko bai shiga ba, nan ne sharhinki ya kamata ya yada zango.

In kina jin harshe fiye da ɗaya, ki jera nassoshin. Ƙuduri na 242 na Nuwamban 1967 ya nemi sojojin Isra'ila su janye. Nassin Ingilishi ya zo kamar a ce "daga yankuna da aka mamaye", na Faransanci kuma ana karanta shi kamar "daga yankunan da aka mamaye". Mai jin Hausa ya san bambancin da wannan ɗan harafi na ƙarshe yake yi: wasu ne ko duka? Fiye da shekara hamsin ke nan ana ja a kansa.

Na ƙarshe, nemi rubutaccen bayanin zaman da aka kaɗa ƙuri'ar. Lambarsa tana farawa da S/PV, na Libiya shi ne S/PV.6498. A ciki za ki ga ƙasashe 10 sun amince, 5 sun ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Birazil, kowace da dalilin da jakadanta ya faɗa da bakinsa. Kuskure biyu ɗalibai suke yawan tafkawa a nan. Ƙauracewar ƙasa mai kujerar dindindin ba hawa kujerar naƙi ba ce, shi ya sa ƙudurin ya wuce. Haka kuma daftarin da ya kasa samun ƙuri'a 9 cikin 15 ya faɗi ne da kansa, ko da wata babbar ƙasa ta ce a'a, don haka kar a rubuta cewa naƙinta ne ya kashe shi.

Tambaya: Malam, ni ba na ɓoyewa, a yaƙe-yaƙen da ake yi yanzu akwai ɓangaren da zuciyata take. Na rubuta jinga, malami ya zaftare mini maki wai na yi son kai. Dole ne sai mutum ya zama ɗan ba-ruwanmu kafin ya ci wannan kwas? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Ba dole ba ne. Manyan masana fannin nan kowa da inda ya karkata. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka auna kowa da mudu ɗaya. Sashe na 2(4) na Kundin Majalisar ya hana ƙasa ta yi amfani da ƙarfi a kan wata, ya bar ƙofa biyu: kare kai bayan an kawo hari, a Sashe na 51, da izinin Kwamitin Sulhu. To ka shigar da mamayar Iraƙi ta 2003 ta waɗannan ƙofofi, ka shigar da mamayar Yukiren ta 2022, ka ga wacce ta wuce. A 2004 Kofi Annan, yana Babban Sakatare, ya faɗa a wata hira da BBC cewa ta farkon ta saɓa wa Kundin. Ta biyun kuma Babban Zauren Majalisar ya yi tir da ita ranar 2 ga Maris, 2022 da ƙuri'a 141, ƙasashe 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Ɗalibin da ya ga laifin ɗaya ya rufe ido a ɗayar, ko ta wane ɓangare ya yi hakan, mai dubawa zai gane tun a shafin farko.

Ga gwajin da za ka yi wa kanka. Kafin ka rushe hujjar ɓangaren da ba ka so, rubuta ta a sakin layi ɗaya yadda in jakadansu ya karanta zai ce e, haka muke cewa. Ka ɗauko ta daga jawabinsu ko wasiƙarsu, domin Sashe na 51 ya wajabta wa mai iƙirarin kare kai ya sanar da Kwamitin nan take, kuma wasiƙun suna nan a ajiye. Sannan ka soke ta. Ka kuma tsince kalmomin zafi irin su "azzalumai" da "'yan amshin shata" daga rubutunka, ka sa abin da aka aikata da ranar da aka aikata shi a madadinsu.

Tambaya: Ina rubuta kundin digiri na biyu. Duk inda na duba kuɗin da ƙasa ke kashe wa soja ko yawan waɗanda suka mutu a yaƙi, sai in tarar da alƙaluma mabambanta. Wanne ne na gaskiya? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Sau da yawa dukansu daidai ne, abubuwa daban suke ƙirgawa. Fara da kuɗin. Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Suwidin, wadda aka kafa a 1966, ta ƙiyasta cewa duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a harkar soja a 2024. Idan kika sauke teburinta za ki tarar da shafuka da yawa, kuma zaɓen shafin da bai dace ba shi ke ɓata yawancin kundaye. In kina kwatanta ƙasa ɗaya a tsawon shekaru, ɗauki shafin da aka tsayar da darajar dala a shekara guda, domin an cire hauhawar farashi. In kina son sanin nauyin da soja ya ɗora wa ƙasa, ɗauki shafin da ke nuna kaso cikin ɗari na abin da tattalin arzikinta ke samarwa.

Ki lura da tarkon canjin kuɗi. A ƙaddara wata ƙasa ta ƙara kasafin sojanta da kashi 30 cikin 100 a kuɗinta, amma a shekarar kuɗin nata ya rasa rabin darajarsa a gaban dala. A teburin dala za ki ga kasafin ya faɗi da kashi 35 cikin 100, ki zauna kina neman dalilin da ya sa ta rage soja alhali ƙari ta yi. Sannan albashin soja da farashin kayan da ake ƙerawa a gida ba ɗaya ba ne a ko'ina, don haka dala ɗaya ba ta sayen ƙarfi iri ɗaya a Amurka da Sin ko Rasha. Wani tarkon: alƙaluman SIPRI na cinikin makamai ba farashin da aka biya ba ne. Ma'auni ne da cibiyar ta ƙirƙiro don auna yawa da ƙarfin kayan da aka tura, kar ki sa musu alamar dala.

Ƙirgen mamata ya fi wuya. Shirin tattara bayanan rikici na Jami'ar Uppsala ba ya sa faɗa a jerin rikicin makamai sai an kashe aƙalla mutum 25 a fagen daga cikin shekara ɗaya, ba ya kiran sa yaƙi sai an kai 1,000. Ya kuma ware gida uku: faɗan da gwamnati ke ciki, faɗan ƙungiya da ƙungiya, da kisan fararen hula da ba su ɗauki makami ba. Shi kuwa ACLED, wani shirin tattara bayanan rikici, aukuwa ɗaiɗai yake tarawa, har da zanga-zanga da tarzoma. Duka biyun sun dogara ƙwarai da rahotannin da suka fito, saboda haka ƙauyen da ba ɗan jarida ba waya, mamatansa ba sa cika shiga lissafi. Wani lokaci idan kika ga layin jadawali ya yi sama, masu kawo rahoto ne suka ƙaru.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda harsashi ya kashe da wanda yunwa da cuta suka kashe saboda yaƙi ya rusa asibiti da gona. Ƙungiyar agaji ta IRC ta ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 5.4 a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango tsakanin 1998 da 2007, mafi yawansu ta hanya ta biyun. An samo adadin ne ta bin gidaje ana tambaya, sannan a debe yawan mutuwar da ake zaton za a yi ko ba yaƙi. Wasu masu bincike sun ce wancan zaton an sa shi ƙasa da kima, shi ya kumbura jimillar. Ke dai ki zaɓi majiya ɗaya, ki karanta littafin ƙa'idojinta kafin ki taɓa teburin, ki rubuta ranar da kika sauke shi tun da ana sabunta su, kuma kar ki haɗa alƙaluman majiya biyu a jadawali ɗaya.

Tambaya: Ana cewa sai yuraniyom ya kai kashi 90 yake zama na bam. To me ya sa aka tayar da jijiyar wuya da Iran ta kai 60 a 2021, bayan da sauran 30? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Saboda tazarar ba a miƙe take ba. A yuraniyom ɗin da aka haƙo, cikin ƙwayar zarra 1,000 kusan 7 ne kawai nau'in da ake nema, mai lamba 235, sauran 993 ɗin mai lamba 238 ne. Tacewa ita ce a yi ta fitar da na biyun. Mu sauƙaƙa lissafin mu bar waɗancan 7 ɗin a zaune. Kafin su zama kashi 5 cikin 100, wanda shi ne kusan iyakar man tashar lantarkin nukiliya ta yau da kullum, sai an fitar da 860, saura 133. Zuwa kashi 20, saura 28. Zuwa kashi 60, saura ƙasa da 5. Zuwa 90, saura ƙasa da ɗaya. Ka ga babban aikin tun a matakin farko aka gama shi. Wannan ne ya sa yarjejeniyar nukiliyar da manyan ƙasashe suka ƙulla da Iran a 2015 ta ɗaure ta a kashi 3.67 da ajiyar da ba ta wuce kilo 300 ba, kafin Amurka ta fice daga cikinta a Mayun 2018. Sai dai tara sinadari daban, ƙera makamin daban, ɗora shi a kan makami mai linzami kuma wani aikin ne na uku. Ka riƙa raba su a rubutunka.

Tambaya: Sau uku ana mayar mini da taken kundina. Na ƙarshe shi ne "Tasirin manufofin ƙetare na manyan ƙasashe a kan tsaron duniya". Ina matsalar take? (Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe)

Amsa: Ɗana, wannan ai taken laburare ne. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle kwando. Rage shi har ya koma ƙasa ɗaya, shawara ɗaya, lokaci ƙayyadadde, da tambayar da take farawa da "me ya sa". Tambaya mai kyau tana da abin mamaki a cikinta. Misali, me ya sa Rasha da Sin suka bar ƙudurin Libiya ya wuce a Maris ɗin 2011, amma suka hau kujerar naƙi a kan na Siriya a watan Oktoban shekarar? Ko me ya sa Afirka ta Kudu ta wargaza makaman nukiliyar da ta ƙera da kanta, ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwarsu a 1991?

Idan ka sami tambayar, kar ka garzaya wurin malami tukuna. Ɗauki mako guda ka lissafa takardun asali da hannunka zai iya kaiwa gare su: jawabai, bayanan zama, muhawarar majalisar dokoki, yarjejeniyoyi, tarihin rayuwar waɗanda aka yi abin da su. In ba ka tara goma ba, sauya take tun da sauran lokaci.

Sai ka kawo amsoshi aƙalla biyu masu karo da juna. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba matakai uku: halin shugaban da ya yanke shawarar, siyasar cikin gida da gasar ma'aikatu, da yadda ƙarfi ya rabu tsakanin ƙasashe a lokacin. Ga kowace amsa ka rubuta abin da ya kamata ka tarar a takardu in ita ce gaskiya, da abin da in ka gan shi zai rushe ta. Kundin da ya san amsarsa tun kafin ya fara bincike ba ya jure tambaya biyu a ranar kariya. Haka nan kar ka tara misalan da duk suka ƙare iri ɗaya. Mai son sanin abin da ke jawo juyin mulki, in ya duba ƙasashen da aka yi juyin kaɗai, zai tarar da talauci da cin hanci a dukansu, ya manta akwai maƙwabta masu irin wannan ciwon da sojansu bai fito daga bariki ba.

Ka kuma yi hattara da abin da ya faru jiya. A rikicin makamai masu linzami na Kyuba, a Oktoban 1962, duniya ta ɗauka shugaban Tarayyar Sobiyat, Khrushchev, ne kawai ya ja da baya. Ashe gwamnatin Kennedy ta Amurka ta yi alkawari a asirce za ta kwashe makamanta masu linzami na Jupiter daga Turkiyya, ta kuma kwashe su a 1963, amma sai a ƙarshen shekarun 1980 aka tabbatar da cinikin a bainar jama'a. Duk wanda ya rubuta kundi a kai a 1965 ya gina shi a kan rabin labari. Dokar Amurka ta sa a wallafa takardun hulɗarta da ƙetare cikin shekara 30, kuma akan makara. Birtaniya ta sauko da nata wa'adin daga 30 zuwa 20. In takenka na bana ne, taƙaita iƙirarinka ga abin da aka faɗa da abin da aka aikata a fili, ka bar maganar abin da ke zuciyar shugabanni.

In za ka yi hira da jami'ai, nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka, ku kuma daidaita tun farko ko za a ambaci suna. Kar ka nemi tuntuɓar ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, kar ka tara bidiyon farfagandarsu a wayarka ba tare da takardar izini daga sashenku ba. A wasu ƙasashe, irin su Birtaniya, mallakar wasu nau'o'in bayanan ta'addanci laifi ne sai mutum ya nuna uzuri karɓaɓɓe.

Tambaya: Wane shiri zan fara tun yanzu in ina son aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya ko ma'aikatar harkokin waje? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Harshe tukuna. Sakatariyar Majalisar da Ingilishi da Faransanci take aiki, kuma mai duka biyun ya sha gaban mai ɗaya. Jarrabawarta ta ɗaukar matasan ma'aikata, YPP, tana neman digiri na farko, shekarun da ba su wuce 32 ba, da kasancewar ƙasarki a jerin ƙasashen shekarar, jerin kuma yana sauyawa, sai ki riƙa dubawa. Bayan harshe, koyi aiki da teburin alƙaluma a kwamfuta, sannan ki koyi rubuta takardar shawara mai shafi ɗaya, domin jami'a ba ta cika koyar da ita ba, ofis kuwa kullum ita ake nema. Tsarinta kishiyar jinga ne. Layin farko shi ne shawarar da kike bayarwa. Sai abin da ya faru cikin jimla uku ko huɗu, sai zaɓi biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa da haɗarinsa da wanda zai ɓata wa rai, sai ranar da dole a yanke hukunci. Ki ɗauki jingar da kika rubuta mai shafi goma ki matse ta haka, ki ba wanda ba ɗan fanninku ba minti biyu ya karanta, ki karɓe takardar, ki tambaye shi me kika ce a yi.